Yadda Ake Koya wa Yaro Kwatanta Taurarin Labari da Turanci Ba Tare da Wakilin Suna Ya Rikita Shi Ba

Ka ba yaro labarin tseren Zomo da Kunkuru ya karanta, sannan ka ce ya rubuta maka da Turanci abin da ya bambanta su. Sau da yawa abin da zai miƙo maka ba zai wuce irin wannan ba:

*The Hare laughed at the Tortoise because he was slow, but he won because he slept.*

Yaron ya fahimci labarin sarai. Ya san wanda ya yi dariya, da mai saiɓi, da wanda ya ci tseren, da wanda barci ya sace. Amma a takarda *he* uku ne a jere, biyun farko na Kunkuru, na ukun na Zomo, kuma babu abin da ya sanar da mai karatu inda aka sauya. Wanda bai taɓa jin labarin ba zai ɗauka barci ne sirrin cin tsere.

Shi ya sa ba na goyon bayan a raba darussan nan biyu, a yi wakilin suna yau, a bar kwatanta taurari sai wani zango. Wakilin suna bai cika ba da wahala ba idan mutum ɗaya ake magana a kansa. Sai an cusa mutum biyu cikin jimla ɗaya rigima ke tashi, kwatanci kuwa aikinsa ke nan. Ga yadda nake ganin ya kamata malami ko uba ko uwa su bi da yaro, tun daga zaɓen labari har zuwa gyaran rubutu.

Mataki na 1: Zaɓi taurarin da suka dace a haɗa

Ba kowane biyu ne suke kwatantuwa ba. Nemi taurarin da abu ɗaya ya same su, amma kowa ya ɗauki hanyarsa. Zomo da Kunkuru tsere ɗaya suka shiga, a kan hanya ɗaya. Wannan tatsuniya tana cikin waɗanda ake dangantawa da Isof, wanda Turawa ke rubuta sunansa Aesop, mutumin Girka da ake cewa ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Tatsuniyoyinsa gajeru ne, yawanci taurari biyu ko uku, don haka suna da daɗin farawa.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba wajen zaɓe, wato irin wakilan sunan da taurarin za su jawo. Ka jera aikin daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mafi sauƙi shi ne ɗaya da jama'a. A littafin *The Tale of Peter Rabbit* na Beatrix Potter, wanda ya fito a Ingila a 1902, uwar zomaye ta gargaɗi 'ya'yanta huɗu kada su shiga lambun wani mutum. Uku suka ji magana, Peter kuwa ya nufi lambun kai tsaye, ya sha da ƙyar, ya baro rigarsa da takalmansa a can. A nan *he* na Peter ne, *they* na 'yan uwansa, *she* na uwar. Ko yaro ya so ya rikita su, da wuya.

Na biye shi ne namiji da mace, *he* da *she*. Na ƙarshe, mai wuyar, shi ne jinsi ɗaya: *he* da *he*, ko *she* da *she*. Labaran *Frog and Toad* na Arnold Lobel, ɗan Amurka, da suka fara fitowa a 1970, misali ne mai kyau, domin abokan biyu duk maza ne, ɗaya mai fara'a da kuzari, ɗaya mai ƙorafi da son kwanciya. Kada ka fara da irin wannan. Ajiye shi sai yaro ya ƙware a biyun farko.

Mataki na 2: A tantance wakilin sunan kowane tauraro daga cikin littafin

Kafin a yi maganar hali, sa yaro ya ɗauki fensir mai launi biyu, launi ɗaya ga kowane tauraro. Duk inda ya ga sunan tauraron ko wakilin sunansa a shafi ɗaya ko biyu, ya kewaye da launinsa. Aikin minti goma ne, amma yana nuna masa da idonsa cewa kowane *he* yana da mai shi.

A nan mai jin Hausa yana da riba, yana kuma da tarko. Ribar ita ce harshenmu ya riga ya raba shi da ita. Mai jin Yarbanci ko Suwahili ko harshen Turkiyya wakilin suna ɗaya yake da shi ga namiji da mace, sai ya koyi rarrabewar daga farko. Mu ba mu da wannan wahalar. Tarkon shi ne a Hausa komai namiji ne ko mace: littafi shi ne, mota ita ce, gida shi, rana ita. Turanci kuwa yana da gida na uku, *it*, inda yake zuba duk abin da ba mutum ba. Yaron da ke tunani da Hausa zai rubuta *The jacket was new but he lost her*, saboda riga mace ce a kansa. Daidai shi ne *he lost it*.

Dabbobi fa? A rubutun kimiyya zomo *it* ne. A labarin yara, inda dabba take magana, take da suna da hali, marubuci kan ba ta *he* ko *she*, kuma zaɓinsa ne ake bi, ba jinsin kalmar a Hausa ba. Kunkuru namiji ne a bakinmu, muna cewa ya tafi, ya iso. Amma a fassarar Turanci ta tatsuniyoyin Isof da George Fyler Townsend ya fitar a 1867, Kunkuru *she* ce, Zomo *he*. Ba abin mamaki ba ne, domin kalmar kunkuru a harshen Girka ta mace ce. Wasu littattafan kuma sun mayar da Kunkuru *he*. To ka ga ba a yin zato. A duba littafin da ke hannu, abin da ya ce shi ke nan, kuma in an ɗauka ba a sakewa a tsakiyar rubutu. Kunkurun da ya fara da *she* a layin farko ba zai koma *it* a layi na huɗu ba.

A sauran bayanin nan zan bi Townsend, Kunkuru *she*, sai inda na ce an sauya.

Mataki na 3: Tattara hujja kafin a yanke hukunci

Yara suna saurin yanke hukunci: wannan mugu ne, wancan na kirki. Aikinka ka riƙa tambayarsu, a ina ka gani? Raba takarda gida biyu, sunan tauraro a saman kowane gida, sannan a amsa tambayoyi huɗu ga kowannensu. Me yake so? Me ya aikata don ya samu? Me ya faɗa da bakinsa? Yaya ta ƙare masa?

Ga Zomo: yana son ya nuna ya fi kowa gudu, ya yi wa Kunkuru ba'a, ya ruga, ya kwanta a hanya, ya farka an riga shi. Ga Kunkuru: tana son ta kankare rainin da aka yi mata, ta yarda da tseren, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, ta isa. Sai bayan an cika gidajen nan za a nemi sifar da ta dace: *proud*, *careless*, *patient*, *steady*. Kowace sifa dole ta jingina da wani aiki da ke cikin takardar. In yaro ya ce Zomo *lazy* ne, ka tambaye shi ko malalaci zai yarda ya shiga tsere tun farko. Watakila abin da yake nufi shi ne raini da sakaci, ba lalaci ba. Irin wannan gardamar ita ce ainihin darasin adabin, kada ka yi saurin kashe ta don a kai ga nahawu.

Abu biyu ake yawan cakuɗawa a nan. Na farko, kamanni da hali. Dogayen kunnuwa da ƙoƙon baya kamanni ne, ana iya ambatonsu a layi ɗaya a wuce. Na biyu, hali da yanayi na ɗan lokaci. Peter ya tsorata a cikin lambu, amma wannan bai mai da shi matsoraci ba, tun da matsoraci ba zai kutsa ta ƙarƙashin ƙofar lambun ba. *He was frightened* yanayi ne, *he is disobedient* hali ne.

Daga nan a zana da'ira biyu masu shiga juna, zanen da ake kira da sunan John Venn, masanin lissafi na Ingila da ya bayyana shi a 1880. Abin da ya keɓanta da Zomo a hagu, na Kunkuru a dama, abin da suka yi tarayya a tsakiya. Tsakiyar ce takan zauna fayau, domin bambanci ya fi saurin faɗawa ido. Matsa wa yaro ya samo aƙalla abu biyu. Dukansu sun yarda da tseren. Dukansu sun yi imani za su ci. Wannan na biyun yakan ba yara mamaki, domin yana nuna cewa ba yarda da kai ce ta kayar da Zomo ba, Kunkuru ma tana da ita.

Ga manyan yara akwai ƙarin tambaya: wa ya canza? Marubucin Ingila E. M. Forster, a laccocin da ya gabatar a Kambirij a 1927, ya raba taurari gida biyu: masu fuska ɗaya da ake iya bayyanawa da jimla guda, da masu fuskoki da yawa waɗanda kan iya ba mai karatu mamaki. Taurarin tatsuniya yawanci masu fuska ɗaya ne, kuma ba aibi ba ne, haka aka gina su. Sai an kai ga dogayen littattafai wannan tambaya take yin amfani sosai.

Mataki na 4: A rubuta da sunaye zalla, sannan a shigo da wakilai

Wannan ita ce dabarar da na fi dogara da ita. Sa yaro ya rubuta jimloli biyar ko shida daga takardar hujjarsa ba tare da wakilin suna ko ɗaya ba:

*The Hare laughs at the Tortoise. The Hare trusts the Hare's legs. The Tortoise does not answer the Hare with insults. The Tortoise keeps the Tortoise's eyes on the road.*

Zai ji nauyin abin a bakinsa, zai ma yi dariya. To a nan ne yake gane amfanin wakilin suna da kansa, ba don an faɗa masa ba. Sai ku bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, a kowane suna ku tambaya: wannan shi ya yi aikin, ko shi aka yi wa, ko abu ne nasa?

Mai yin aiki yana ɗaukar *I, you, he, she, it, we, they*. Wanda aikin ya faɗa wa yana ɗaukar *me, you, him, her, it, us, them*, haka ma duk wanda ya biyo bayan ƙananan kalmomi irin su *at, to, for, with, between*. Mallaka kafin suna ita ce *my, your, his, her, its, our, their*. Mallakar da ke tsayawa ita kaɗai kuwa *mine, yours, his, hers, ours, theirs*. Sakamakon zai zama:

*The Hare laughs at the Tortoise. He trusts his legs. She does not answer him with insults. She keeps her eyes on the road.*

Yanzu ga tarkuna uku da Hausa ke ɗana wa yaro, kuma gara ka san su tun kafin ka gan su a takardarsa.

Na farko, ninki. A Hausa ba ma cewa "Zomo gudu", sai mun ce "Zomo ya gudu". Wannan "ya" dole ne ko da an ambaci suna, domin shi ke ɗauke da lokacin aikin. Yaro sai ya ɗauko shi ya kai Turanci: *The Hare he ran*. A rubutun Turanci ɗaya ake zaɓa, ko *The Hare ran* ko *He ran*. Ka gaya masa kujera ɗaya ce, in suna ya zauna wakili ya tsaya a waje.

Na biyu ya fi ɓuya. Muna cewa "bishiyar da ya kwanta a ƙarƙashinta", "lambun da ya shiga cikinsa". Sau da yawa Hausa tana barin wakilin suna a ƙarshen irin wannan ginin. Turanci ba ya bari. *The tree that he slept under it* kuskure ne, daidai shi ne *the tree that he slept under*. Kalmar *that* ko *which* ko *who* ta riga ta wakilci bishiyar, *it* ɗin ƙarshe ya zama wakili na biyu a kujera ɗaya. Manya ma da suka daɗe suna Turanci wannan yakan kuɓuce musu.

Na uku, mallaka. Dubi kalmar "mahaifiyarsa". Harafin r yana nuna abin da aka mallaka mace ce, "sa" yana nuna mai mallakar namiji ne. Haka "nasa" da "tasa", "nata" da "tata": Hausa tana kallon ɓangarorin biyu. Turanci mai mallaka kawai yake kallo. Uwar Peter *his mother* ce, ko da yake uwa mace ce. Yaro kan ga mace a gabansa sai hannunsa ya rubuta *her mother*, nan take ya ba wata yarinya uwar da ba tata ba. Tambayar da za ka koya masa ita ce "na wa?", ba "mene ne?" ba. Nasa da tasa duk *his*, nata da tata duk *hers*.

Sai maganar da aka ciro daga bakin tauraro. In yaro zai kawo abin da Zomo ya faɗa a matsayin hujja, ko dai ya bar shi cikin alamar zance yadda yake, *"I will win," says the Hare*, ko ya juya shi gaba ɗaya, *The Hare says that he will win*. Abin da ba a so shi ne rabi da rabi, *The Hare says that I will win*, wanda ya mai da yaron kansa ɗan tsere. Haka *you* a cikin hirar taurari yana bukatar lura. Kai, ke, ku, duk *you* ne. Da can Turanci yana da *thou* na mutum ɗaya, amma ya fita daga maganar yau da kullum tun wajen ƙarni na 17, *you* na jam'i ya cinye gidan, shi ya sa har yau ake cewa *you are* ko da mutum ɗaya ake nufi. Ni ma da nake ta cewa "ka" a nan, da Turanci nake rubutu da ban bar malama mace a baya ba.

Mataki na 5: Jimlolin kwatanci

Hausa tana kwatanci da aikatau: Zomo ya fi Kunkuru gudu. Turanci yana yi da sifa: gajeriyar sifa ta ɗauki *-er*, doguwa ta ɗauki *more*, sannan *than* ya biyo. *Faster than*, *more patient than*. Ba a haɗa su, babu *more faster*.

Me zai biyo bayan *than*, *he* ko *him*? Tsohuwar gardama ce. Robert Lowth, a littafin nahawunsa na 1762, ya tsaya a kan cewa a duba aikatau da aka ɓoye: *she is slower than he*, domin cikakkiyar jimlar ita ce *than he is*. A maganar yau da kullum kuwa *slower than him* ake ji ko'ina, kuma ya fi kwanta wa mai jin Hausa, tun da mu ma "ta fi shi" muke cewa. Shawarata ita ce a koya wa yaro ya fito da aikatau ɗin fili: *She is slower than he is*. Babu mai gyara da zai ja masa layi, kuma ba ta da nauyi a kunne. Akwai ma inda wannan yake ceton ma'ana. *The Fox likes the Tortoise more than him* na iya nufin Dila ya fi son Kunkuru a kan Zomo. *More than he does* kuwa yana nufin son da Dila ke yi wa Kunkuru ya fi wanda Zomo ke yi mata.

Tsakiyar da'irar Venn tana da nata kalmomin. *Both* jam'i ne: *Both of them want to win*. *Neither* da *each* tilo ne a rubutu mai tsari: *Neither of them gives up before the start*, *Each of them has a plan*. Lura cewa bayan *of* kullum *them* ne, ba *they* ba. In ana son a ce dukansu ba su yi abu ba, *neither* ya fi *both* da *not* tsabta.

Gefunan da'irar kuma suna tafiya da *but*, *while*, *whereas*, *unlike*. Bayan *like* da *unlike* wakilin wanda aka yi wa aiki ne ke zuwa: *Unlike him, she never stops*. Haka *between him and her*.

In an haɗa suna da wakili, kamar *Peter and she* ko *Peter and her*, gwajin yana da sauƙi: rufe sunan da yatsa ka karanta saura. *Mother warned Peter and they* zai koma *Mother warned they*, kunne ya ƙi. Ashe *them* ne. Wannan gwajin ne kuma ke warware *my friend and I* da *my friend and me* idan yaro ya zo kwatanta kansa da tauraro, abin da yara ke so ƙwarai.

Kansa da kanta da kansu su ne *himself, herself, themselves*. Babu *hisself*, babu *theirselves* a daidaitaccen Turanci. Juna kuwa *each other* ne. *They blame themselves* kowa yana zargin kansa, *they blame each other* kowa yana zargin ɗan uwansa, kuma a kwatanta taurari wannan bambanci ne babba.

Mataki na 6: A haɗa sakin layi

Tsari biyu ne. Ko a gama da tauraro ɗaya sannan a koma kan ɗayan, ko a ɗauki batu ɗaya a auna su biyun a kai, sannan a ɗauki na gaba. Na farko ya fi sauƙi ga mai farawa, domin wakilin suna ɗaya ne ke aiki a lokaci guda. Na biyu ya fi nuna tunani, amma yana sauya tauraro a kowace jimla, don haka ya fi bukatar kula. Ko wanne aka ɗauka, jimlar farko ta ambaci sunayen biyu da abin da ya haɗa su, kuma a tsaya a lokaci ɗaya. Al'adar masu nazarin adabi da Turanci ita ce ba da labari da lokaci mai ci, *runs*, *sleeps*, kamar yanzu abin ke faruwa.

*The Hare and the Tortoise both expect to win, but they go about the race in different ways. The Hare trusts his legs. He is so sure of himself that he lies down to sleep halfway. The Tortoise knows that she is slower than he is, so she never stops. Unlike him, she laughs at nobody. In the end her patience beats his speed.*

Bi shi da yaro ku ga inda sunaye suka dawo. Duk lokacin da magana ta tashi daga kan wani ta koma kan wani, suna ne ke buɗe ƙofa, wakili ya biyo baya.

Yanzu sai a ɗaga wahalar. Ce masa a wani littafin Kunkuru namiji ne, ya sake rubuta sakin layin. Nan da nan *he is slower than he is* za ta fito, ta zama maganar banza, *his patience beats his speed* kuma ta fi ta lalacewa. Magani uku ne. A maimaita suna: *the Tortoise's patience beats the Hare's speed*. Ko a raba jimla biyu, kowane tauraro da tasa. Ko a kira tauraro da wata siffa tasa, *the slower animal*, *the winner*, amma wannan kaɗan-kaɗan, domin in ya yi yawa mai karatu zai ɗauka wani sabon tauraro ne ya shigo. An saba tsoratar da yara cewa maimaita suna rauni ne a rubutu. Ban yarda ba. Buɗe labaran Lobel ka ga sau nawa sunayen abokan nan biyu suke dawowa a shafi guda, kuma babu yaron da ya taɓa ɓata a ciki.

Jimlar da muka fara da ita, in an gyara ta a wannan tsari, za ta zama: *The Hare laughed at the Tortoise for being slow, but the Tortoise won because the Hare slept.* Wakilin suna ko ɗaya bai rage ba, kuma ba ta rasa komai ba.

Mataki na 7: Gyara da kibiya

Idan ya gama, kada ka karɓi takardar ka yi ta jan jan biro. Mayar masa da fensiransa masu launi. Ya ja layi a ƙarƙashin kowane wakilin suna, ya zana kibiya daga shi zuwa sunan da yake wakilta. In kibiya ta rasa inda za ta sauka, ko ta tsaya tsakanin sunaye biyu, ko ta tsallake jimla uku kafin ta samu mai ita, a mayar da suna. A kowace kibiya kuma ya duba abu biyu: jinsi ya dace, adadi ya dace? *The rabbits* ba zai tafi da *he* ba.

Sannan masu kama da juna a kunne. *Its* mallaka ce, *it's* gajarta *it is* ce ko *it has*. *Their* mallaka, *they're* na nufin *they are*, *there* wuri. *Whose* na wa, *who's* na nufin *who is*. Gwajin ɗaya ne: warware gajartawar ka karanta. *The garden has it is own gate* ba magana ba ce, don haka *its*. Ka kuma nuna masa cewa *his, hers, ours, yours, theirs* babu mai ɗauke da waƙafin sama a cikinsu, *its* ɗan gidansu ne.

Za ka ci karo da jimla irin *Every reader has their favourite*, yaro ya tambaye ka ko kuskure ne tun da *reader* tilo ne. Amfani da *they* ga mutum ɗaya da ba a san jinsinsa ba ya daɗe a Turanci, ana samunsa a rubuce tun ƙarni na 14, kuma manyan ƙamusoshi sun karɓe shi. Wasu masu gyaran jarrabawa dai har yanzu sun fi son *his or her*. Hanyar da ba ta da rigima ita ce a mai da jimlar jam'i: *All readers have their favourites*. Amma a sakin layin da ake kwatanta taurari biyu, ka sa ya keɓe *they* ga su biyun tare kawai, kada ya ba shi wani aiki.

Gwajin ƙarshe na kunne ne. Samo wani da bai karanta labarin ba, ɗan aji ko ƙani ko yaya, yaron ya karanta masa sakin layin da ƙarfi. A kowane *he* ko *she* ka tsayar da shi ka tambayi mai sauraro: wa ke nan? Inda ya amsa nan take, a wuce. Inda ya yi jim, ko ya faɗi sunan da ba shi ba, yaron ya sa alama a gefen layin, ya koma ya gyara da ɗaya daga magungunan nan uku, sannan ya sake karantawa daga farkon sakin layin.